Gwiwar da Mai Nasara Ke Kaiwa Ƙasa

A wani daren Lahadi cikin sanyin watan Janairu muna zaune a fadarmu ta unguwar Zariya a nan Maraɗi, shayi yana kan gawayi, ni kuwa na jingine wayata a jikin buta ina kallon ƙwallon Amurka, wasan da na kamu da sonsa shekaru da dama da suka wuce ta dalilin ƙanen wani abokina da ya yi karatu a can. Kusa da ni akwai wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya yi kokowa a ƙuruciyarsa, kuma har yau ba ya bari gasar takobi, wato babbar gasar kokowa ta ƙasa, ta wuce shi ko da a rediyo ne. Saura ƙasa da minti biyu a tashi, sai jagoran ƙungiyar da ke kan gaba, wato ɗan wasan da ake fara miƙa wa ƙwallo a kowane yunƙuri, ya karɓi ƙwallo, ya ja da baya taki ɗaya, ya kai gwiwarsa ƙasa da gangan, alhali ba wanda ya taɓa shi. Ya maimaita haka har sau uku, agogo ya ƙare, ƴan wasa suka shiga gaisawa. Dattijon ya dube ni ya ce: "Ɗana, mi ya samu wannan yaro? Shi aka kayar?" Na ce: "A'a Baba, ai shi ne ya yi nasara." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: "To abokan karawar tasa fa, mi ya hana su auka mishi?"

Na ba shi amsa a taƙaice a daren, amma tambayar ba ta bar ni ba, domin ni ma ina horar da yara ƙwallon ƙafa a unguwa, kuma na san cewa yawancin abin da ke riƙe da wasa ba a cikin littafin doka yake ba. A wajenmu ƙasa ita ce alƙali: a kokowa wanda ya kai ƙasa shi ne ya faɗi, a dambe kuwa da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa. A ƙwallon Amurka mai nasara ne ke kai gwiwa ƙasa, kuma babu rubutacciyar dokar da ta hana ɗaya ɓangaren ya auka wa layinsa da dukkan ƙarfi. Abin da ke hana su wata fahimta ce tsakanin masu horarwa, ba a rubuta ta ba, ba a sa mata hannu ba, amma wanda ya karya ta sai an daɗe ana tuna masa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, filin kuma tsawonsa yadi 100 ne, ban da gida mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama 4 ta ci yadi 10. Idan ta ci a sabunta mata damar, idan ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Shiga gidan abokan karawa da ƙwallo maki 6 ne, sai ƙarin maki 1 ko 2 a bayansa, bugun da ya ratsa tsakanin sanduna kuwa maki 3 ne. A gasar ƙwararru ta NFL zango 4 ake yi, kowanne minti 15, kuma tsakanin yunƙuri da yunƙuri ana ba ƙungiya sakan 40. Daga nan lissafin durƙuson ya fito: idan abokan karawa sun ƙarar da damarsu ta tsayar da agogo, durƙuso uku ya cinye minti biyu, kuma ba ta yadda ƙwallo zai dawo hannunsu sai in ya suɓuce.

Gaskiyar magana ita ce wannan al'ada daga tsoro ta samo asali. Ranar 19 ga Nuwamba 1978 ƙungiyar Giants ta Niyok tana gaban Eagles ta Filadelfiya da maki 17 da 12, saura kimanin sakan 30, Eagles kuma ba su da sauran damar tsayar da agogo. Durƙuso ɗaya ya isa. A wancan zamani akwai masu horarwa da ke ganin durƙuso kamar raki ne, sai aka umarci jagoran Giants, Joe Pisarcik, ya miƙa ƙwallo ga mai gudu Larry Csonka. Miƙawar ta lalace, ƙwallo ya faɗi, Herman Edwards na Eagles ya tsince shi ya ruga yadi 26 ya shiga gida, aka tashi 19 da 17. Washegari aka kori mataimakin mai horarwa da ya ba da umarnin, Bob Gibson. Tun daga lokacin ƙungiyoyi suka tsara jeri na musamman domin durƙuso, ƴan wasa su dunƙule kewaye da jagora, mutum ɗaya ya tsaya can baya saboda ko-ta-kwana. Wanda ya manta da darasin kuwa yakan sake ɗanɗana kuɗarsa: a watan Oktoba 2023 Jami'ar Miyami tana gaban Jami'ar Georgia Tech 20 da 17, mai horar da ita Mario Cristobal bai sa a durƙusa ba, ƙwallo ya suɓuce, aka juya aka ci su 23 da 20.

Amma abin da aka fara don tsoro, da tafiya ta yi tafiya sai ya zama magana tsakanin ɓangarori biyu. Idan ƙungiya ta yi wannan jeri, cewa take yi: mun daina neman maki, ku ma ku daina neman jikinmu. Ƴan wasan layin gaba, waɗanda da yawansu nauyinsu ya haura kilo 130, sun shafe kusan awa uku suna karo da juna. A wannan lokaci sukan saki jiki, wani ma ya miƙa wa na gabansa hannu tun agogo bai ƙare ba. Mutumin da ya saki jiki kuwa shi ne ya fi saurin karyewa. Saboda haka ni a ganina durƙuso amana ce, kuma duk sauran ƙa'idojin da ba a rubuta ba a wannan wasa da ma'auni ɗaya nake auna su: shin an sa mutum ya saki jiki ne sannan aka cuce shi, ko kuwa an fi shi ƙarfi ne kawai, ido na ganin ido?

An gwada wannan amana a bainar jama'a ranar 16 ga Satumba 2012. Giants suna gaban Buccaneers na Tamfa 41 da 34, saura sakan kaɗan, jagoran Giants, Eli Manning, ya karɓi ƙwallo zai durƙusa. Mai horar da Buccaneers, Greg Schiano, wanda a shekarar ya baro Jami'ar Rutgers ya shigo gasar ƙwararru, ya umarci ƴan wasansa su auka wa layin Giants da dukkan ƙarfi ko Allah zai sa ƙwallo ya suɓuce. Aka hankaɗe layin, Manning ya faɗi ta baya, ƙwallo dai bai suɓuce ba. Da aka zo gaisuwar tsakiyar fili, wadda ita ma al'ada ce da masu horarwa ba sa tsallakewa, Tom Coughlin, dattijon da ya ci wa Giants kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, sau biyu, ya tari Schiano da faɗa a gaban kyamarori. Hukumar gasar ta ce ba a karya wata doka ba, kuma gaskiya ne ba a karya ba. Schiano ya kare kansa da cewa yana koya wa ƴan wasansa su dage har sai an busa tashi, kuma dabarar ta taɓa yi masa aiki a jami'a.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, domin hujjar Schiano ba ta banza ba ce. Tazarar maki 7 ce, shiga gida ɗaya za ta iya goge ta, kuma abin da ya faru a 1978 shaida ne cewa ƙwallo yana suɓucewa. Mai horarwar da ya sallama tun da sauran numfashi, me zai gaya wa yaransa gobe? Duk da haka na tsaya a kan cewa bai kyauta ba, kuma dalilina ɗaya ne. Ribar da yake nema tana rataye ne a kan sakin jikin da abokan karawa suka yi saboda sun yarda da al'adar da kowa ke bi. Ƙarfin ƴan wasansa ba shi da rabo a ciki. Da tun farkon kakar wasa ya fito ya shaida wa kowa cewa ƙungiyarsa ba ta san durƙuso ba, kowa ya ɗaure ɗamara, da ba ni da abin cewa. Wanda zai fita daga al'ada yana da iko, amma ya faɗa tun da rana, kada sai mutum ya juya masa baya.

Bayan shekara 11 aka karya amanar daga ɗaya gefen, kuma wannan ta fi ɓata mini rai. Ranar 7 ga Janairu 2024 ƴan ƙungiyar Saints suna gaban Falcons na Atlanta 41 da 17, ƙwallo yana hannun Saints yadi 1 daga gidan Falcons, saura minti ɗaya da ɗoriya. Mai horarwa Dennis Allen ya ba da umarnin a durƙusa. Ƴan wasa suka yi jerin durƙuso, Falcons suka saki jiki, sai jagoran Saints, Jameis Winston, ya miƙa ƙwallo ga Jamaal Williams ya shige gida, aka tashi 48 da 17. Dalilinsu na zumunci ne: Williams ya shiga gida da gudu sau 17 a kakar da ta gabata lokacin yana ƙungiyar Lions, ya fi kowa a gasar, amma a wannan kaka bai samu ko ɗaya ba, abokansa suka so su faranta masa rai. Mai horar da Falcons, Arthur Smith, ya tari Allen cikin fushi, Allen kuma ya fito ya ba da haƙuri a gaban ƴan jarida. Da sun yi jerin kai hari na gaskiya suka ce ga mu nan, ku tare mu in kun iya, da sai a yi ta muhawara a kan ko ya dace ko bai dace ba. Amma sun ɗaga tutar sulhu ne suka harba kibiya daga ƙarƙashinta. Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ta fi shafar masu horarwa: idan ƴan wasanka za su iya yin shawara a cikin fili su take umarninka, to maganarka ga takwaranka ba ta da sauran daraja, domin ka kasa cika alkawarin da jerinka ya ɗauka da sunanka.

Batun tara maki a kan wanda ya riga ya faɗi shi ne aka fi yin surutu a kai, kuma shi ne ya fi wuyar yanke hukunci. Misalin da ba a mantawa shi ne na ranar 7 ga Oktoba 1916 a Atlanta, inda Georgia Tech ƙarƙashin John Heisman, mutumin da aka sa wa kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i sunansa, ta ci kwalejin Cumberland 222 da nema. Cumberland ta riga ta rushe ƙungiyarta, amma yarjejeniya ta ɗaure ta da biyan dala 3,000 idan ba ta zo ba, sai aka tattaro ɗalibai aka kawo, kafin hutun rabin lokaci an zuba musu 126. Ana danganta zafin Heisman da wani ci 22 da nema da Cumberland ta taɓa yi wa ƙungiyarsa ta wasan besbol, wato dai ramuwar gayya ce aka yi a kan yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A 2009 Jim Harbaugh, mai horar da Jami'ar Stanford, yana gaban Jami'ar USC 48 da 21, ya nemi ƙarin maki 2 maimakon 1, aka tashi 55 da 21, gaisuwarsa da mai horar da USC, Pete Carroll, ta koma tambayar juna abin da ke damun kowa. A gefe guda kuma ga Mike McDaniel, mai horar da ƙungiyar Dolphins ta NFL a lokacin. Ranar 24 ga Satumba 2023 ƙungiyarsa tana da maki 70, Broncos suna da 20, ƙwallo yana inda bugu ɗaya zai kai su 73 su wuce tarihin maki 72 da Washinton ta kafa a 1966, ƴan kallo suna ta ihu a buga, shi kuwa ya sa aka durƙusa.

Na yaba wa McDaniel ƙwarai, domin ni an taɓa ajiye ni a irin wannan mararraba ban zaɓi abin da ya zaɓa ba. A wata gasar hutu ta yara ƴan ƙasa da shekara 15 muka haɗu da wata ƙungiya daga wani ƙauye kusa da gari, sun zo cikin motar kasuwa, wasunsu ko takalmi babu. Kafin hutun rabin lokaci mun ci 5. Ban canza kowa ba, domin ina son ɗan wasana na gaba ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, irin dalilin nan dai na abokan Williams. Aka tashi 11 da nema. Mai tsaron gidansu, wani yaro siriri, ya zauna a gindin sanda ya rufe fuskarsa da riga. Mai horar da su, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya zo ya ba ni hannu ya ce: "Malam, Allah shi ba da sa'a gaba. Amma waɗannan ɗiyan mutane ne, da roƙo na karɓo su daga iyayensu." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Da shekara ta zagayo ƙungiyar ba ta dawo gasar ba, haka ma wadda ta biyo baya. Ban karya doka ko ɗaya ba, alƙalin wasa bai busa mini komai ba, amma na san da hannuna a cikin rushewar wannan ƙungiya, kuma har yau idan na tuna yaron nan sai in ji nauyi a ƙirjina.

Sai dai na ga ɗaya fuskar ma. Bayan shekara biyu wata ƙungiya ta cikin gari ta ci mu 4, sannan mai horar da su ya hana yaransa buga raga, suka koma yawo da ƙwallo a gabanmu, ƴan kallo suna ƙirga kowace miƙawa da shewa. A hanyar komawa gida yarana suka ce da an ci su 10 da ya fi musu sauƙi. A ranar na gane cewa tausayin da aka yi don a nuna wa jama'a, wulaƙanci ne ya canza riga. Masu horar da makarantu a Amurka suna cikin wannan tsaka mai wuya kullum. A watan Oktoba 2013 makarantar sakandaren Aledo da ke jihar Tekzas ta ci wata makaranta 91 da nema, wani uba ya shigar da ƙorafin cin zali, aka bincika aka wanke mai horarwar, domin ya fitar da manyan ƴan wasansa da wuri, an kuma bar agogo yana gudu ba tsayawa. Me ya rage masa ya yi? Ya ce wa yaron da ya shekara a benci, yau da ya samu shiga, kada ya yi gudu? Jihohi da yawa sun rubuta wa makarantu doka cewa idan tazara ta kai wani adadi, sau da yawa maki 35, a bar agogo ya yi ta tafiya. Dokar tana gajarta wahala, amma ba ta gaya wa mai horarwa abin da zai yi da mintunan da suka rage. Abin da ni na tsaya a kai yanzu shi ne in fitar da manya, in shigar da ƙanana, in bar su su yi wasa na gaskiya, in kuma daina neman wa kowa tarihi a jikin wanda ya riga ya gaji.

Labarin da na fi so a duk tarihin wannan wasa ya girmi durƙuson kansa. Ranar 16 ga Nuwamba 1940 Jami'ar Cornell, wadda ta yi wasa 18 a jere ba a ci ta ba, ta je gidan Dartmouth. Dartmouth tana gaba 3 da nema har zuwa mintin ƙarshe. Cornell ta matso bakin gida, ta yi yunƙurinta huɗu ba ta shiga ba, amma alƙalin wasa Red Friesell ya ruɗe a lissafi ya ba ta dama ta biyar, ta shiga, aka tashi 7 da 3. A doka magana ta ƙare, domin an busa tashi an rubuta sakamako, kuma ba wanda ke da ikon tilasta wa Cornell komai. Da aka wanke fim ɗin wasan aka ga kuskuren ƙarara, alƙalin ya amsa laifinsa, sai mai horar da Cornell, Carl Snavely, tare da shugabannin jami'ar suka aika wa Dartmouth tangaraho cewa sun mayar da nasarar ga masu ita. Dartmouth ta karɓa, littafin tarihi ya koma 3 da nema, jerin wasannin Cornell 18 ya yanke a nan. Ina yawan tunanin yadda Snavely ya tsaya a gaban samarin da suka kwana suna murna ya gaya musu cewa abin da ke hannunsu ba nasu ba ne. Duk wanda ya taɓa horar da yara ya san wannan ya fi cin kowane wasa wuya.

Bayan shekara 50, ranar 6 ga Oktoba 1990, aka maimaita kuskuren a wasan Jami'ar Kolorado da ta Misuri. Kolorado ta shiga gida a dama ta biyar, ta ci 33 da 31, mai horar da ita Bill McCartney bai mayar da nasarar ba, ya ma koka da santsin filin Misuri, kuma a ƙarshen kakar Kolorado ta raba kambun ƙasa da Georgia Tech. Adalci ya sa a faɗi hujjarsu: allon da ke gefen fili yana nuna lissafin kuskure, jagoran Kolorado ya jefar da ƙwallo ƙasa da gangan domin tsayar da agogo yana zaton akwai sauran dama, da ya san ta ƙarshe ce da bai jefar ba. Don haka ba zan kira su ɓarayi ba. Amma a gaban doka Snavely da McCartney duk wankakku ne, kuma idan aka ce in zaɓi wanda zan damƙa wa ɗana a cikinsu, ba zan yi dogon tunani ba.

Kada kuma a ɗauka cewa duk abin da ba a rubuta ba alheri ne. A watan Maris 2012 hukumar NFL ta bayyana cewa daga 2009 zuwa 2011 ƴan wasan baya na Saints suna da asusun ɓoye ƙarƙashin mataimakin mai horarwa Gregg Williams, ana biyan dala 1,500 ga wanda ya ji wa abokin karawa ciwon da ya fitar da shi daga wasa, dala 1,000 kuma idan sai da aka ɗauke shi. Aka dakatar da babban mai horarwa Sean Payton kakar 2012 gaba ɗaya, aka ci ƙungiyar tarar dala 500,000. Wannan ma al'ada ce da ba a rubuta ba, kuma shirun ƴan ciki ne ya raya ta. Mu ma muna da tamu a nan, kowa ya san ta: ƙaryar shekaru. Saurayi mai ƙasumba ya shigo gasar ƴan shekara 15, mai horar da shi ya sani, ni na sani, iyayensa sun sani, sai a ce ai kowa haka yake yi. Yaro ɗan shekara 14 da ya shiga fili yana zaton da tsaransa zai kara, shi ma an sa shi ya saki jiki ne sannan aka cuce shi. Bambancin al'ada mai kyau da mummuna ba shi da wuyar ganewa, domin durƙuso ana yin sa ne a gaban dubban mutane, asusun Saints da ƙaryar shekaru kuwa ba sa jure hasken rana.

Akwai wani durƙuso dabam a wannan wasa, shi ma ba a rubuta shi ba: idan ɗan wasa ya ji mummunan rauni, ɓangarorin biyu sukan kai gwiwa ƙasa har sai an ɗauke shi. Ranar 2 ga Janairu 2023 a birnin Sinsinati zuciyar Damar Hamlin na Bills, saurayi ɗan shekara 24, ta tsaya bayan ya kayar da wani ɗan wasan Bengals, likitoci suka shafe mintuna suna danna ƙirjinsa a tsakiyar fili. Wasa ne mai muhimmanci ga matsayin ƙungiyoyin biyu, amma mai horar da Bengals, Zac Taylor, ya tsallaka filin da ƙafarsa ya je wurin takwaransa Sean McDermott, suka yi magana, kowa ya kwashi ƴan wasansa ya koma ɗaki. Ba a ci gaba da wasan ba, daga baya hukuma ta soke shi ɗungurungum, Hamlin kuma Allah ya tashi kafaɗunsa har ya dawo fili a kaka ta gaba. Da safe na ga hoton ƴan wasan sun durƙusa a fili a waya, domin a agogonmu abin ya faru ne cikin talatainin dare, na kuma nuna wa yarana shi a wurin atisaye ba tare da na yi musu dogon bayani ba.

Daga baya na ba dattijon maƙwabcinmu dukkan waɗannan labarai, muna zaune a inda ya fara yi mini tambayar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya kawo mini zancen filin kokowarmu mai sunan Yakuba Ango Kantu, ɗan jihar nan da ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975. Ya ce a zamanin da yake kokowa, idan ka kayar da mutum kai ne za ka fara miƙa masa hannu ka ɗaga shi tun makaɗa ba su taso ba, domin baɗi a wannan fili za ku sake haɗuwa, kuma in ka karya masa zuciya bai dawo ba, da wa za ka kama? Sai na ba shi labarin ci 11 ɗin nan, wanda ban taɓa gaya wa kowa a fadar ba. Ya tambaye ni ko mai horarwar yana raye. Na ce yana nan. Ya ce: "To ɗana, mi kake jira?"

Ranar kasuwar ƙauyen na hau babur na je da kaina. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran igiyar rijiya, na gaishe shi, na tuna masa ko wane ne ni, ya ce bai manta ba. Na ba shi haƙuri a kan abin da ya wuce, na roƙe shi ya dawo da yara gasar hutun bana, na ce kuɗin mota a wuyana. Ya ce mai tsaron gidan nan tuni ya tafi ci-rani, amma yana da ƙane da ke son tsaron gida. Ya raka ni har bakin hanya, ya ce zai zagaya ya tambayi iyayen yaran, in saurari saƙonsa bayan girbi.